Kalma Tana Raye, Ma'anarta Ta Kwanta Dama: Tarihin "Amana" a Masarautar Bauchi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin harshe sun daɗe da lura cewa kalma tana mutuwa ta hanya biyu. Wani lokaci ita kalmar ce take ɓacewa daga bakin jama'a, wata 'yar'uwarta ta gaje ma'anarta. Wani lokaci kuma kalmar tana nan ana amfani da ita safe da yamma, alhali ɗaya daga cikin ma'anoninta ta riga ta kwanta dama ba wanda ya farga. Mutuwa irin ta farko ba ta cika ruɗin kowa ba, domin wanda ya ci karo da baƙuwar kalma a tsohuwar takarda dole ya tsaya ya tambaya. Ta biyun ce mai haɗari, saboda mai karatu yakan ga kalmar da ya sani, ya ɗora mata ma'anar zamaninsa, ya wuce yana zaton ya fahimta.

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar *amana* a Masarautar Bauchi daga kafuwarta a farkon ƙarni na 19 har zuwa bayan zuwan Turawa, don a nuna cewa irin wannan mutuwa ta biyu ce ta sami wata muhimmiyar ma'anarta. Kafin nan za a ɗan leƙa wani harshe na nesa inda takwarar kalmar ta yi mutuwa irin ta farko, domin bambancin ya fito fili.

2.0 Misali daga Sikotlan

A tsohon harshen Sikotlan da karin Ingilishin arewacin Ingila akwai sifa *traist*, da sunan da aka ƙera daga gare ta, wato *traistness*. Asalinsu daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya ne, waɗanda suka mamaye sassan arewacin Birtaniya tun daga ƙarni na 9. Abin lura a nan shi ne kalmar ta haɗa ma'ana biyu a tukunya ɗaya: ƙarfi da tsayuwa daram irin na gini ko makami, da kuma riƙon alkawari irin na mutum. A ƙarni na 16 manyan Sikotlan sukan buɗe wasiƙunsu da kiran wanda ake rubuta wa *traist freind*, kamar yadda Bahaushe zai ce "zuwa ga amintaccen aboki".

Kalmar ba ta yi tsawon rai ba bayan haka. Sauyin addini na 1560 ya shigo da Littafi Mai Tsarki cikin Ingilishin kudu, sannan a 1603 Sarki James na Shida ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan da fadarsa. Daga nan marubuta suka riƙa karkata ga Ingilishin fada, inda *trust*, wadda tushensu ɗaya, ta riga ta kafu. Yau sai a ƙamusun tsohon harshen Sikotlan, wanda aka fara bugawa a 1931 aka kammala a 2002, ake zuwa neman *traistness*. Ma'anar ba ta yi ciwon kai ba, riga kawai ta sake.

3.0 Shigowar Kalmar Cikin Hausa

*Amana* kalmar aro ce daga Larabci, daga saiwar baƙaƙe uku, wato hamza da mimun da nunun. Saiwa ce mai 'ya'ya da yawa a Hausa: *imani*, *mumini*, *amin*, *amini* da *aminiya*, da sunayen yanka irin su Aminu da Amina da Laminu. Tun a harsunan da suke dangin Larabci ana ganin haɗuwar ƙarfi da gaskiya a wannan saiwa, domin a Ibrananci *emuna* tana nufin tsayuwa daram, tana kuma nufin cika alkawari. Hausa ma ta isa wannan mahaɗa da ƙafarta. Ta ɗauki *amin* ta liƙa masa ɗafa-ƙeya ta sami *aminci*, ta kuma ƙera aikatau *aminta* da *amince*, inda ganɗantawa ta mayar da /t/ zuwa /c/. Dubi waɗannan misalai:

(1) Tsakaninsu akwai aminci tun suna yara.
(2) Wannan yadi ba shi da aminci, wanki biyu zai yage.

A misali na (1) ana maganar zukata ne, a na (2) kuwa ana maganar ƙwarin zare. Ashe abin da *traist* ta haɗa a Sikotlan shi ne *aminci* ya haɗa a kasuwar Wunti. Ya kamata a yi hattara da *lamuni*, wadda kunne zai so ya saka ta cikin wannan zuriya. Ita daga *ḍamān* take, kuma lallausan baƙin nan na Larabci ne ya koma /l/, kamar yadda ya yi a *alƙali* da *alwala* da *lalura*.

Greenberg (1947) ya kasa kalmomin aro na Larabci a Hausa gida biyu. Akwai tsofaffi waɗanda suka shigo ta baka, galibi da *al-* manne a goshinsu, akwai kuma na baya waɗanda suka biyo ta hannun malamai da littattafai. Hiskett (1965) ya sake duban al'amarin ta fuskar tarihin karatu a ƙasar Hausa. Bisa wannan ma'auni *alkawari* ta gidan farko ce, *amana* kuwa ta fi kama da 'yar gida na biyu: ba ta ɗauke da *al-*, kuma sautinta bai goge ba.

Sai dai akwai wani ƙulli a nan. Larabci yana da kalmomi biyu daga wannan saiwa waɗanda malaman fiƙihu ba sa gwama su. *Amāna* ita ce abin da aka ba mutum ajiya, ko nauyin da aka ɗora masa, kamar yadda ta zo a Suratun Nisa'i aya ta 58 da Suratul Ahzabi aya ta 72. *Amān* kuwa kalmar babin jihadi ce, wato tabbacin da Musulmi suke ba wanda ba Musulmi ba cewa ransa da dukiyarsa sun tsira. Idan aka bi yadda *īmān* ta zama *imani*, *zamān* ta zama *zamani*, to da *amān* ta ba da *amani*. Haka kuwa aka yi a Suwahili, inda *amani* take nufin zaman lafiya, *amana* kuma take nufin ajiya, kowacce da ɗakinta. A Hausa ba a sami wannan rabon gado a bakin jama'a ba. *Amana* ce ta ɗauki kayan duka biyun, kuma a nan ne tushen ruɗanin da za a gani a gaba.

4.0 Amana a Matsayin Tsarin Mulki

4.1 Ƙasar da Yakubu ya samu

Tun kafin jihadi Hausawa suna kiran yankin da yake kudu da su *ƙasashen Bauchi*, kamar yadda Mahdi Adamu (1978) ya yi bayani, yanki mai duwatsu da harsuna barkatai, inda fatake suke zuwa ciniki, mahara kuma suke zuwa neman bayi. Malam Yakubu ɗan Dadi, wanda ya yi karatu wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Degel, ɗan wannan yanki ne daga cikin Gerawa, kuma an saba ambatonsa da cewa shi ne mai tutar da ba Bafillace ba a cikin manyan masu tuta. Ya karɓi tuta a wajajen 1805, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya yi mulki har 1845. Turawan da suka ziyarci garin daga baya, irin su Vogel a 1855 da Rohlfs a 1867, sun san shi da sunan Yakoba, wato garin Yakubu.

Matsalar Yakubu ba irin ta masu tutar Kano ko Katsina ba ce. Su sun tarar da tsohuwar sarauta da talakawa Musulmi masu yawa, suka kawar da sarki suka hau gadonsa. Shi kuwa ya tarar da al'ummu masu yawan gaske, kowacce da sarkinta da tsafinta, da yawansu a kan duwatsun da doki ba ya hawa. Akwai Jarawa da Sayawa da Angasawa ta kudu, akwai Warjawa da Butawa da Pa'awa ta arewa. Cin kowane dutse da yaƙi abu ne da ya fi ƙarfin rundunarsa, barinsu haka nan kuma yana nufin hanyoyin fatauci ba za su taɓa zama lafiya ba.

Shari'a ta riga ta tanadi mafita. A mazhabar Malikiyya ana karɓar jiziya daga waɗanda ba Musulmi ba ko da ba ma'abota littafi ba ne, kuma a kan wannan ne aka zaunar da Maguzawa a ƙasar Kano. Shehu ya tattauna hukunce-hukuncen ba da aminci da sulhu da jiziya a *Bayān Wujūb al-Hijra*, wanda ya kammala a 1806. Yakubu kansa mai yawan neman fatawa ne daga Sakkwato, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta masa littafi sukutum na amsoshin tambayoyinsa, mai suna *al-Qawl al-Mawhūb*. A gefe guda, wannan dangantaka ta Bauchi da Sakkwato ita ma an jarraba ƙwarinta a farkon 1827, sa'ad da Yakubu ya tare rundunar Barno a ƙasar Kano ya mayar da ita baya. Jagoran waccan runduna shi ne Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa suke kira Shehu Laminu, sunan da ya fito daga saiwar da ake magana a kanta.

4.2 Yadda ake ƙulla ta

A bakin mutanen masarautar, al'ummar da ta nemi zaman lafiya aka karɓa ta shiga *amana* ke nan. Tana riƙe da sarkinta da addininta da gonakinta. Abin da yake kanta shi ne ta riƙa aiko da abin da aka yanka mata, ta kuma bar fatake su wuce. Abin da ake bayarwa ya danganta da arzikin wuri: hatsi, ko ƙarfe da fartanya, ko dabbobi, kuma sau da yawa har da bayi. Abin da yake kan Bauchi shi ne kada a kai musu hari. Kowace al'umma akan jingina ta ga wani mai sarauta da yake zaune a cikin birni, shi ne ƙofarta zuwa fada, shi kuma yana da jakadan da yake kai da kawowa. Saboda haka ƙasa ta rabu uku a idon fada: ta Musulmi, da ta amana, da wadda ba a yi komai da ita ba, inda hari ya halatta. Aliyu (1974), a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello kan kafuwar mulkin masarautar daga 1805 zuwa 1903, shi ne ya fara shimfiɗa wannan tarihi dalla-dalla.

A nan ne ya kamata manazarcin harshe ya buɗe ido. Fiƙihu ya bambanta abu uku. *Amān* tabbacin tsira ne wanda yakan zama na wani lokaci. *Ṣulḥ* ajiye makamai ne tsakanin ɓangarori biyu da kowanne yake tsaye da ƙafarsa. *Dhimma* kuwa zama ne na dindindin a ƙarƙashin hukumar Musulmi tare da biyan jiziya. Malamin fada da yake rubutu da Larabci ya san wadda zai zaɓa. Amma jakadan da ya hau dutse ba da Larabci yake magana ba. Da Hausa yake yi, ko ta bakin tafinta, kuma kalma ɗaya ce a jakarsa, ita ce *amana*. Da ita zai kira garin da aka ci da yaƙi ya sallama, da ita kuma zai kira garin da bai taɓa ganin dokin Bauchi a ƙofarsa ba, ya dai ga cewa zaman lafiya da masu sayen kuza da kawo gishiri ya fi masa riba.

Abin da wannan maƙala take gani shi ne wannan faɗin ma'ana ba aibi ba ne a wancan zamani, shi ne ma ƙarfin tsarin. Kayan da aka sauke a ƙofar fada, mai karɓa yana iya ƙirga su a matsayin jiziya, mai aikowa kuma ya ɗauke su gaisuwa ce irin wadda maƙwabci yake yi wa maƙwabcin da ya fi shi ƙarfi. Muddin ba a tilasta wa kowa ya fassara kalmar ba, kowa yana iya komawa gida da mutuncinsa. Da an ce sai an tantance, da yawancin yarjejeniyoyin ba su ƙullu ba.

4.3 Inda ta tsinke

Amana irin wannan tana da ƙwari ne gwargwadon ƙarfin mai ba da ita da kuma haƙurinsa. Idan abin da ake nema ya yi yawa, musamman bayi, ko jakada ya wuce gona da iri, ko wani ɗan sarki ya kai hari inda aka hana, sai igiya ta tsinke. Misali mafi girma shi ne na Ningi, wanda Patton ya yi nazarinsa a kundinsa na 1975. A wajajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda rigimar kuɗin ƙasa, suka shiga duwatsun da suke arewa da Bauchi. Can suka haɗa kan Butawa da Warjawa da Pa'awa da maƙwabtansu, aka daina aika wa Bauchi komai, aka koma kai mata hari ita da Kano da Zazzau. Abin mamaki, malamai Musulmi ne suka jagoranci waɗanda ba Musulmi ba wajen warware amanar da hukumar Musulmi ta ba su. Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1845 zuwa 1877, ya sha fama da wannan wuta har ya koma da zama ribaɗin Rauta, inda Rohlfs ya same shi. Ningi ba ta sake komawa hannun Bauchi ba. Duwatsun Dass ma ba su miƙa wuya ba.

A fada wannan *cin amana* ne, kuma wanda ya ci amana jininsa da 'yancinsa sun halatta. A kan dutse kuwa ana iya cewa wanda ya fara neman abin da ba a yi da shi ba shi ne ya ci amanar. Salon maganar kansa abin dubawa ne. Bahaushe yakan *saɓa* alkawari ko ya *karya* shi, amma amana *cin* ta ake yi, kamar yadda ake cin dukiyar maraya. Wato hoton ajiya, na *amāna*, shi ne ya rinjayi harshe ko da ana maganar *amān*. Da wannan aikatau ɗaya saɓanin siyasa yakan rikiɗe ya zama zunubi.

5.0 Mutuwar Ma'anar

A watan Fabrairu na 1902 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Bauchi ba tare da yaƙi ba, aka tuɓe Sarki Umaru, wanda yake kan gado tun 1883. Abin da ya biyo baya shi ne ya zare wa tsohuwar ma'anar ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa. An haramta harin bayi, saboda haka babu sauran abin da za a nemi tsari daga gare shi. Dokokin haraji na 1904 da 1906 sun narkar da tsofaffin kuɗaɗen da ake karɓa suka zama haraji ɗaya da jangali, Musulmi da wanda ba Musulmi ba kowa yana biya. An fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi, jakadu suka rasa aiki. Wasu al'ummun da suke aiko da kaya daga nesa sai suka wayi gari da hakimi a tsakiyarsu, kamar yadda Ajiyan Bauchi ya zama hakimin gundumar Lere, ƙasar Sayawa da Jarawa. Ko sunan wannan sarauta abin sha'awa ne, domin *ajiya* ita ce kalmar Hausa ta asali da ta fi kusa da *amāna*. Wasu kuma an yanke su daga Bauchi ɗungurungum, musamman da aka kafa Lardin Filato a 1926.

Ba wanda ya soke kalmar, abin da take suna ne ya gushe. Sauran ma'anoninta kuwa sai ƙara yaɗo suka yi. Ana kai amarya a ce wa dangin ango ga amana nan. Uba yakan damƙa wa malami ɗansa amana. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da Abubakar Tatari Ali yake gwamnan Jihar Bauchi daga 1979 zuwa 1983, kirarin jam'iyyarsa ta NPN shi ne *aminci*. Kamfanin Concord ya kira jaridarsa ta Hausa *Amana*, kamfanin Media Trust kuma ya kira tasa *Aminiya*. Masu fassara sun samar da *kwamitin amintattu*. Duk waɗannan a kan reshen ajiya da yarda suka tsiro. Matashin da ya tashi a Unguwar Jahun ko Ƙofar Dumi ya san kalmar sarai, amma idan aka ce masa wani gari "na amana ne" a zamanin Sarki Ibrahim, abin da zai fara zuwa ransa shi ne mutanen garin masu gaskiya ne.

6.0 Abin da Ruɗanin Yake Jawowa

Da a ce batun ya tsaya a ƙamus, da da sauƙi. Amma tarihin ƙarni na 19 ya zama hujja a rigingimun sarauta da mallakar ƙasa. Bayan rikicin Tafawa Ɓalewa na Afrilun 1991, wanda ya bazu har cikin birnin Bauchi, hukumar bincike ta Mai Shari'a Babalakin ta saurari koken Sayawa na neman masarautarsu, ta kuma ba da shawarar a ba su. Bayan rikice-rikicen Jos na 1994 da 2001 an sake tayar da tambayar ko ƙasar da garin yake a kanta ta taɓa zama ƙarƙashin Bauchi, kuma dangantakar Bauchi da al'ummu irin su Anaguta tana cikin abin da ake ja a kai. A irin wannan muhawara wani zai ce kakannin wancan sun shiga amana, saboda haka talakawan sarki ne. Wancan kuma zai ce amana ai abota ce tsakanin tsara da tsara, ba a ci kowa da yaƙi ba. Na farko ya karanta *dhimma*, na biyu ya karanta *ṣulḥ*, kuma kowannensu yana da wani gari da zai nuna inda fassararsa ta yi daidai. Kuskurensu ɗaya ne, wato zaton cewa kalmar tana da ma'ana guda wadda ta hau kan kowane dutse.

Kalmar ita kaɗai ba za ta raba wannan gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne a bi al'umma ɗaya bayan ɗaya a tambaya: me ake aikawa, sau nawa, wa yake zuwa karɓa, kuma idan sarkinsu ya mutu wa yake naɗa sabo? A nan masana harshe suna da aikin da masana tarihi ba za su yi musu ba. Wasiƙun Larabci na sarakuna da suke ajiye a Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos, da fayilolin Lardin Bauchi da suke Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, suna buƙatar a bi su a ga wace kalmar Larabci magatakarda ya zaɓa a duk inda tarihin baka ya ce *amana*, da kuma wace kalmar Ingilishi jami'in Turawa ya sa a madadinta sa'ad da tafinta ya faɗa masa. Haka kuma akwai buƙatar a tambayi dattawan Sayawa da Jarawa da Warjawa, cikin harsunansu, da wane suna kakanninsu suke kiran kayan da ake ɗauka zuwa Bauchi, da kuma ko sunan nan ɗaya ne da na kyautar da ake kai wa surukai.